Farar Rigar Matar Lambu

Shekara talatin da shida mutumin ya yi yana yi wa gidajen mutane fenti. Kowa a unguwa Mai Fenti yake kiransa, har 'ya'yan cikinsa idan za su yi kwatancen gidansu sai su ce gidan Mai Fenti, mai shuɗiyar ƙofa. Ya yi wa makarantu fenti, ya yi wa asibiti, shaguna kuwa bai san adadinsu ba. Idan ka kawo masa ɓallin da ya ɓare daga bangon ɗakinka, ko da girman farce ne, zai fita da shi rana ya duba, ya buɗe gwangwani uku ko huɗu, ya haɗa maka irinsa sak. Ka shafa, ba mai gane inda tsohon ya tsaya sabon ya fara.

Wata Laraba tsani ya zame da shi a bayan wani gida mai hawa biyu, ƙashin ƙugunsa ya karye. Aka yi masa aiki aka sa ƙarfe, ya yi wata biyu a kwance, ya tashi da sanda. Likitan ƙashi ya ce tafiya zai yi ta lafiya lau, amma shi da tsani sun rabu. Ya kira mutum biyu da ya koya wa sana'a, Dogo da Gajere, waɗanda su ma yanzu magidanta ne masu iyali, ya ba su rola da bokitai da tsanin da ya kayar da shi, ya ce su ci gaba.

Daga nan ya zama mazaunin falo. Matarsa tela ce, kekenta na bakin taga, shi kuma kujerarsa na fuskantar keken. Ba shi da abin yi sai kallon aikinta.

“Maman yara, wannan zaren bai dace da yadin ba. Ya fi shi duhu.”

“Mai kayan ce ta zaɓa.”

“To ba ta da ido.”

Da abin ya kai sati shida, matar ta ɗauki waya ta kira autarsu, wadda ke aikin rajistar littattafai a laburaren gari. Ta ce, “Auta, ki zo ki nema wa babanki abin yi. Yau ya ce mini shuɗin labulenmu da shuɗin kujera ba sa ga maciji da juna. Shekara goma suna ɗaki ɗaya ban taɓa jin sun yi faɗa ba.”

Auta ta zo da yamma da takarda a hannu. Ta ce akwai wata malama da ke koyar da zane da fentin mai a ɗakin baya na laburare duk Asabar da safe, wata uku ake yi, kuma ta riga ta rubuta sunansa.

“Ni za a koya wa fenti?”

“Ba na bango ba, Baba. Na hoto.”

“Fenti ai fenti ne.”

“To ka je ka nuna musu.”

Wannan maganar ce ta kai shi. Ranar Asabar ya sa rigarsa ta aiki da aka wanke aka goge, ya zuba tsofaffin buroshinsa uku a leda, mafi ƙanƙanta a cikinsu ya kai faɗin yatsa uku, ya hau bas.

Ɗakin dogo ne, da tagogi uku a gefe ɗaya, yana warin mai da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi. Mutum tara ya tarar, kowa a tsaye gaban mariƙin katako mai ƙafa uku, an ɗora masa ƙyalle mai kauri da aka ja aka ɗaure a firam. Malamar ba ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba, gajeriya ce mai tabarau, madaurin agogonta duk ya yi dabbare-dabbare da kala. Ta gaishe shi da ladabi, ta jawo masa doguwar kujera saboda ƙugunsa, ta ajiye shi kusa da wani dattijo mai sanƙo wanda ya ce shi likitan haƙori ne da ya yi ritaya. Likita ya leƙa ledar, ya ga buroshin, ya ce, “Ɗan'uwa, hoton za ka zana ko ɗakin?”

A bangon gaba an rataye wani babban hoto, bugun wani tsohon zane da Malama ta ce an yi shi fiye da shekara ɗari da suka wuce. Wata mata ce zaune a kan bencin katako a cikin lambu, sanye da doguwar farar riga, da littafi a rufe a kan cinyarta. Bishiya ta yi mata inuwa, amma rana ta ratso ta cikin ganye ta faɗo mata a kafaɗa da gefen fuska. Ta ɗan waiwayo kamar wadda aka kira daga nesa.

“Wannan kaɗai za mu yi har wata uku,” in ji Malama. “Za mu kwaikwaye shi. Wanda ya zana shi ya riga ya warware duk matsalolin da za ku ci karo da su. Idan kuka bi sawunsa a hankali za ku ga yadda ya yi.”

Wata uku a kan ƙyalle ɗaya da bai kai rabin ƙofa ba. Mai Fenti a ransa ya tuna ya taɓa gama makaranta mai aji goma sha biyu a kwana tara.

Satin farko shimfiɗar ƙasa aka yi, wato farin da ake fara shafa wa ƙyalle kafin a ɗora kala, sannan aka zana siffar matar da gawayi. Sati na biyu aka ba kowa fenti a 'yan bututu irin na man goge baki, da allon haɗa kala, da ƙananan buroshi. Malama ta ce a fara da wuraren duhu, a tsinka fentin sosai, kada kowa ya yi gaggawa. Ta tafi can ƙarshen ɗaki tana taimakon wata mata da hannun zanenta ya fi ƙafa tsawo. Kafin ta zagayo, Mai Fenti ya gama. Ya shafa kore a bishiya, ruwan ƙasa a benci, shuɗi a sama, fari tas a riga. Ko'ina sumul, ba sawun buroshi ko ɗaya, kowace kala ta tsaya cak a iyakarta. Ya goge hannu ya zauna yana jira.

Malama ta tsaya a bayansa ta daɗe tana kallo.

“Baba, hannunka ba ya rawa ko kaɗan,” ta ce. “Amma ka yi mata fenti ne, ba ka zana ta ba. Dubi rigar can, ka dubi taka.”

“Fara ce, na sa fari.”

“Ka tabbata fara ce?”

Likita ya yi 'yar dariya, ba da mugunta ba, amma ta shiga kunnen Mai Fenti. Ya tattara ledarsa, ya ce ƙugunsa na damunsa, ya fita kafin a tashi. Asabar ta gaba bai je ba. Wadda ta biyo baya ma ya ce ana iska. Auta ta yi magana, ya ce yarinyar da ba a haifa ba lokacin da ya fara riƙe buroshi ba za ta koya masa fari ba. Ya koma kujerarsa gaban keken ɗinki.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka ƙwanƙwasa shuɗiyar ƙofar. Matarsa ta buɗe, sai ga Malama da ƙyallaye biyu a hammata da jaka a kafaɗa. Ta durƙusa ta gaishe su, ta ce Auta ce ta yi mata kwatance. Aka kawo mata shayi. Mai Fenti ya gyara zama yana jiran a ba shi haƙuri, ya riga ya shirya yadda zai karɓa.

Ba haƙuri ta zo bayarwa ba. Ta jingina ƙyallayen biyu da tebur ta juyo da su. Ɗaya nasa ne, ɗayan nata.

“Baba, taimako na zo nema. Dubi shimfiɗata, ta fara tsagewa a gefe, kuma ƙyallen yana shanye mini fenti. Taka kuwa kamar ƙwai. Kayan iri ɗaya na ba kowa. Me ka yi?”

Ya jawo nata ya shafa da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da farce.

“Sau nawa kika shafa?”

“Sau ɗaya, da kauri.”

“Shi ya sa. Sau uku ake yi, kowanne siriri. Na farko a tsaye, na biyu a kwance. Kuma tsakaninsu sai ya bushe kin bi shi da sanfefa mai laushi, takardar yashin nan ta goge katako. Ke kin ɗora masa kaya ne a lokaci ɗaya, dole ya tsage.”

Ta fito da littafi ta rubuta. Ta yi masa tambaya ta kai goma, kan yawan ruwa, kan damina da rani, kan yadda ake sanin ya bushe har ciki. Ya amsa duka, muryarsa na ƙara buɗewa. Matarsa ta dakatar da keke tana kallonsu.

Da suka gama, Malama ta ce, “Auta ta ce babu kalar da ba za ka iya haɗawa ba.”

“Ta faɗi gaskiya.”

Ta ciro wani ƙaramin bugun hoton daga jaka, ta ba Mai Fenti baya don kada ya gani, ta rufe hoton da baƙin kwali mai 'yar huda a tsakiya, girman ƙwayar wake. Ta miƙo masa. Ba abin da ake gani sai ɗigon kala ɗaya. Ta ajiye allo da bututun fenti a gabansa.

“Haɗa mini wannan.”

Ya matsa bakin taga, ya duba. Ya matso shuɗi kaɗan, ya sa fari, ya ɗiga ja, ya ga ta yi haske da yawa, ya kashe ta da ruwan ƙasa. Minti uku bai cika ba ya ɗora ɗigon a gefen hudar. Ba bambanci.

“Wace kala ce?” in ji Malama.

“Ruwan toka ne mai shuɗi-shuɗi, da ɗan shunayya. Irin wanda ake sa wa ofis.”

Ta ɗage kwalin. Hudar a tsakiyar farar rigar take, daidai gwiwar matar.

Mai Fenti ya dubi hoton, ya dubi allon. Ya karɓi kwalin da kansa ya mayar, ya matsar da hudar zuwa hannun riga: kore ne mai duhu. Ya kai ta ƙirji: ruwan hoda da toka. Ya bi rigar kaf, bai sami fari na gaskiya ba sai a wuri biyu, a kafaɗa da bakin littafi, inda rana ta faɗo, kuma ko shi da ɗan rawaya a ciki.

“Ikon Allah,” ya ce a hankali. “To me ya sa nake ganinta fara?”

“Saboda ka san riga ce. Idonka ya fi na kowa a ajin nan, Baba. Kanka ne ke riga shi magana.”

Matarsa ta ce, “Wannan kuma ba a zane kaɗai ba.”

Malama ta bar masa kwalin da ƙaramin hoton. Ranar Asabar ya riga kowa zuwa, ya tarar mai shara bai gama ba. Ya kankare fentinsa na farko da 'yar wuƙar haɗa kala, ya goge da tina, ya sake shimfiɗa. Da Likita ya iso ya ce, “Ka dawo? Na ɗauka an ba ka kwangilar wani ɗakin.” Mai Fenti ya leƙa zanen Likita ya ce, “Wannan matar taka kumatunta ya kumbura. Ka duba mata haƙori?” Daga ranar suka zama abokai, kowa na kawo wa ɗan'uwansa tsiya da abin taɓawa.

Aikin bai zo masa da sauƙi ba. Haɗa kala ba ta taɓa ba shi wahala ba, har sauran ɗalibai suka riƙa zuwa da allonsu yana gyara musu. Abin da ya gagare shi haƙuri ne. Fentin bango kafin ka sha ruwa ka dawo ya sha iska. Wannan kuwa sai ya kwana huɗu yana danshi. Ya ɗora haske a kan duhun da bai bushe ba, duk suka cakuɗe suka zama kamar taɓo. Sau biyu yana kankare bishiyar. Sannan hannunsa ya saba da gogewa har sai sawun buroshi ya ɓace, shekara talatin da shida abin da ake yabonsa da shi ke nan. Malama ta kai shi gaban babban hoton, ta ce ya matso har hancinsa ya kusa taɓawa. Daga kusa ba ganye ko ɗaya, sai dangwale-dangwalen kore da rawaya da shuɗi, wani kan wani, kamar aikin wanda ake jira a waje. Ta ce ya ja baya taku shida. Bishiya ta tashi, har kamar iska na kaɗa ta.

“Ajiye ka ɗauke hannu,” ta ce. “Kada ka lallashe shi.”

Ya riƙa maimaita wa kansa wannan yana aiki, a ƙasan maƙoshi, har Likita ya ce ya ɗauka addu'a yake yi.

A sati na takwas aka zo fuska. Fuskar duka ba ta kai tafin hannunsa ba, idon kuwa ɗigo uku ne. Nan ya gane tun faɗuwarsa hannunsa na dama ba ya tsayawa a sama kamar da idan abin ƙarami ne. Ya kai buroshi zai sa ƙwayar ido, ya zame ya ja mata layi har kunne. Ya goge, ya sake, ya sake zamewa. Ya ajiye buroshin a kan cinya. Malama ta zo, ta duba. Ta ɗauki sandarsa ta tafiya da ke jingine da kujera, ta naɗe kanta da tsumma, ta ɗora kan a saman firam ɗin, ta ba shi gindin ya riƙe da hagu.

“Ɗora wuyan hannunka a kai. Masu zane na da duk haka suke yi, har sanda ta musamman suke saya. Kai ka zo da taka.”

Ya ɗora. Hannun ya tsaya. Ya sa ɗigon farko, ya sa na biyu, ya ja baya. Matar ta dube shi.

Duk da haka akwai abin da ya ƙi shiga kansa. A ƙarƙashin haɓar matar mai zanen ya sa kore, kore sosai, kwalin mai huda ya tabbatar. Mai Fenti ya haɗa kalar amma ya ƙi shafawa. Ya ce mutum mai rai ba ya da koren wuya, sai dai idan bugun hoton ne ya lalace. Malama ta ce to, Asabar mai zuwa kowa ya bar buroshi, za a fita waje.

Bayan laburaren akwai ɗan fili da ciyawa da bishiyar lemo biyu, da benci inda ma'aikata ke cin abincin rana. Suna fitowa sai ga matar Mai Fenti ta shigo ta ƙofar gefe da ƙullin magani a hannu, ya manta shi a kan tebur, ita kuma za ta kasuwar yadi ta ce bari ta biyo. Farin mayafi ne a jikinta. Malama ta tare ta da fara'a.

“Mama, don Allah ara mana kanki minti goma. Zama kawai za ki yi a bencin nan.”

“Ni? Me na yi?”

“Ba ki yi komai ba. Kallonki za mu yi.”

Ta zauna tana gyara mayafi, jaka a cinya, mutum goma sun yi mata da'ira. Rana ta ratso ganyen lemo ta faɗo mata a kafaɗa. Malama ta ce kowa ya naɗe hannunsa kamar bututu ya leƙa ta ciki, ya dubi ƙarƙashin haɓarta. Mai Fenti ya leƙa. Hasken da ya daki ciyawa ya taso ya kwanta a wuyan matarsa da gefen muƙamuƙinta, kore, a fili. Mayafin kuma shuɗi ne a inuwa, rawaya a rana, ruwan hoda inda ya kusanci kumatunta. Ya sauke hannu ya dube ta gaba ɗaya, ya sake leƙawa. Sauran suka koma ciki ɗaya bayan ɗaya, shi yana tsaye dogare da sanda.

“Baban Auta, lafiya? Kallon ya isa haka, tururuwa na hawa ƙafata.”

“Wuyanki kore ne.”

“Naka ne kore.”

“Wallahi kyau ya yi.”

Ta miƙe ta kakkaɓe zane, ta danƙa masa maganin, ta ce ya sha kafin ya manta, ta tafi tana dariya ita kaɗai. Ya koma ciki ya shafa koren a inda yake, sau ɗaya, ya ɗauke hannu.

Ranar ƙarshe aka jera zanuka goma a zauren shiga laburare, mace ɗaya a benci ɗaya, amma ba biyu da suka yi kama. Ta Likita har yanzu da ɗan kumburi. Iyalai suka zo. Auta ta tsaya gaban na babanta ta ɗauki hoto ya kai ashirin. Dogo da Gajere suka zo da kayan aiki a jikinsu, suka tsaya nesa, suka matso kusa. Dogo ya ce, “Oga, da mu muka bar sawun buroshi haka a bango, da ka kore mu.” Mai Fenti ya ce, “Ja baya taku shida ka yi mini magana.” Dogo ya ja baya yana ƙirgawa, ya tsaya, ya cire hula ya sosa kai.

Zanen ba gwanin kyau ba ne, shi ma ya sani. Hannun matar na hagu ya yi tauri kamar na katako, kuma bencin ya ɗan karkata. Amma rana na kan kafaɗarta, kuma rigar fara ce ga duk wanda ya kalla.

Da jama'a suka ragu ya koma ɗakin baya ɗaukar ledarsa, ya tarar da Malama ita kaɗai tana wanke buroshi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana neman ta inda zai fara. Ya ce shi a wajen ubangidansa da zagi ya koyi aiki, kuma da zagi ya koyar da nasa mutanen, bai san ana iya yi ta wata hanya ba. Ya ce ranar da ta zo gidansa ya riga ya sa a ransa cewa shi da fenti sun gama, abin da ya rage masa kujera ce da taga.

“'Yata, ban san me zan ce miki ba. Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan magabatanki.”

Ta amsa da amin, idonta a kan buroshin da take matsewa. Ta ce ita ma ta ƙaru, tun da ta bi shawararsa ba ƙyallen da ya sake tsagewa. Sannan, don ta sauya maganar, ta ɗaga kai ta dubi ɗakin ta ce da ma hukumar laburare za ta sauya mata wannan rawayan bangon, yana zuba wa zanen ɗalibai kala, duk abin da suka haɗa a nan idan an fita da shi waje sai ya canza. Ta ce ta rubuta takarda sau biyu, an ce an yarda amma babu mai yi.

Mai Fenti ya dubi bangon daga sama har ƙasa, ya ƙwanƙwasa shi da sanda a wuri biyu.

“Wace kala kike so?”

“Ruwan toka, wanda bai karkata ko'ina ba. Ba shuɗi, ba ja.”

“Yaushe sababbin ɗalibai za su fara?”

“Nan da sati biyu.”

Ranar Litinin ya sa Auta ta kai shi wajen shugaban laburare, aka ba shi izini da mukulli. Ranar Talata Dogo da Gajere suka zo da tsani da rola, suka fitar da kaya, suka shimfiɗa leda a ƙasa. Shi ya zauna a doguwar kujerarsa a tsakiyar ɗaki da bokiti a gabansa yana haɗawa. Sau biyar yana shafa gwaji a bango, ya jira ya bushe, ya duba shi da safe, ya duba da rana tsaka, ya ce bai yi ba. Gajere ya ce, “Oga, ruwan toka ne fa kawai.” Ya ce masa ya zo ya leƙa ta cikin hannunsa. Gajere ya leƙa ya ce shi bai ga komai ba. Mai Fenti ya buɗe baki zai yi zagin da ya saba, sai ya fasa, ya ce, “Sake dubawa a hankali, ka gwada shi da farar takardar nan.” Gajere ya daɗe yana dubawa, ya ce kamar akwai ɗan shuɗi. Aka ɗiga ruwan ƙasa, na shida ya zauna.

Ranar Alhamis da hantsi Malama ta zo ɗaukar wasu takardu, ba wanda ya gaya mata ana yi wa ɗakin fenti. Ta tura ƙofa ta tsaya. Ta shiga tsakiyar ɗakin ta juya a hankali, ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta kai hannu za ta taɓa.

“Kada ki taɓa, shafi na biyu ne, bai bushe ba,” in ji Mai Fenti daga kujerarsa.

Ta janye hannun, ta ce ba ta san yadda za ta gode ba. Ya ce ba sai ta sani ba, shi ma bai sani ba ranar Asabar. Ta yi dariya, ta zauna a kan wani bokiti da aka kife. Ta ce ɗalibai goma sha huɗu ne suka yi rajista wannan karon, kuma ƙyalle goma sha huɗu ba ƙaramin aiki ba ne ga mutum ɗaya.

“Ki kawo su ranar Litinin,” ya ce. “Amma ki sa sunana a cikin ɗaliban, na goma sha biyar. Hannun matar lambun nan na hagu bai bar ni na huta ba.”

Dogo ya sauko daga tsani ya tambaya ko a yi wa ƙofar ma. Malama ta dubi Mai Fenti, shi kuma ya dubi ƙofar ya ce a yi mata, amma a fara cire mata hannun buɗewa tukuna.